Ranar Da Sanƙira Ya Yi Tallar Kuɗin Sirri

A wata unguwa da ke bayan tashar Daura akwai wani saurayi mai suna Sha'aban. Allah ya ba shi kaifin ƙwaƙwalwa da zaƙin baki, amma yana da cuta guda ɗaya, wato son a gan shi. Idan ya sayi sabon takalmi, sai ya zagaye unguwa a ƙasa ko da babur ɗinsa cike yake da mai. Idan ya yi sadaka, kafin mabuƙacin ya gama godiya hoton ya hau waya. Ba mugu ba ne, kowa ya shaida haka. Sai dai a wurinsa duk abin da bai yi ƙara ba kamar ba a yi shi ba ne.

Tun yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifiyarsa Malam Zailani ne ya riƙe shi har ya gama makaranta. Malam Zailani dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma aikin dillali a can ya wuce haɗa mai saye da mai sayarwa. Shi ne shaida. A gabansa ake tayi, a gabansa ake sallamawa, a tafa hannu a ce Allah ya sa albarka, jama'a na ji. Idan daga baya wani ya zo ya ce saniyar nan tasa ce aka sace, dillali ake bi, shi kuma ya nuna wanda ya kawo ta da wanda ya biya. A zamanin nan da satar shanu ta hana mutane barci, dillali ba shi da jarin da ya wuce a ce ba a taɓa kama shi da rufa-rufa ba. Wannan jarin Malam Zailani ya tara tun gashin kansa na baƙi har ya yi furfura.

Sha'aban ya daɗe yana harkar kirifto, wato kuɗin intanet, a waya. Wata rana wani kamfani na nesa, wanda bai taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikinsa ido da ido ba, ya ɗauke shi wakili a Daura. Nasu kuɗin ya bambanta da sauran, domin an gina shi ne yadda ba mai iya gano wanda ya tura, ko wanda ya karɓa, ko nawa aka tura. Suka turo masa riguna da babban allon talla mai hoton wani mutum da ya rufe kansa da baƙar hula, ba a ganin fuskarsa. Sha'aban da kansa ya sa aka rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: BA YA BARIN SAWU. Sun yi masa alkawarin cewa idan ya nuna musu garin ya karɓa, za su naɗa shi jakadansu na jiha baki ɗaya, su kai shi taro Abuja. Kalmar nan ta jakada ita ta hana shi zama.

Ya kafa allon kusa da teburin mai shayi a bakin tasha, ya tsaya yana jiran tururuwar mutane. Mutane kuwa suka zo, amma kallo suka zo yi.

"Sha'aban, wannan mai rufe fuskar ɗan uwanku ne?" in ji wani direban Katsina. "Ni dai irin waɗannan a hanya na san su, kuma ba gaisawa muke yi ba."

Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, mai gaskiya me zai yi da kuɗin da ba ya barin sawu? Wanda ya share sawunsa ai ya san inda ya taka."

Sha'aban ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe. Ya ce sirri ba laifi ba ne, ya ce ko su ba sa son maƙwabci ya san abin da ke aljihunsu. Maganarsa da gaskiya a ciki, amma yana yi mutane na kallon mai baƙar hular da ke bayansa, sai su ƙara matse wayoyinsu. Makonni suka shuɗe, in ban da abokansa 'yan ƙwallo da suka shiga don a ba su riga, ba wanda ya yi rajista.

Ana cikin haka ne wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Zailani ya kira shi zaure. Sai da ya leƙa waje, ya tura ƙyaure, sannan ya zauna ya yi ƙasa da murya.

"Abin nan naka, da gaske ne ba mai ganin abin da ya shigo wa mutum?"

"Wallahi Kawu, ko ni da na saka maka ba zan gani ba."

Malam Zailani ya ce, "Kasuwar da ta wuce, daga wurin masu cire kuɗi wani babur ya biyo ni har kan hanyar Dutsi. Na tsaya ya tsaya, na tafi ya tafi. Ban san fuskarsa ba, amma shi ya san na yi ciniki. Yanzu kana karɓar kuɗi, rabin kara ta ji. Ba don cinikin mutane nake so ba, wannan a fili ake yinsa kuma a fili zai zauna. La'adata nake son in riƙa ajiyewa inda ido ba ya kai. Saka mini in duba shi tukuna, ban ce na shiga ba." Ya miƙa wayar, amma bai sake ta ba sai da ya ƙara da cewa, "Daga ni sai kai. Ko uwarka kada ta ji."

"Haba Kawu, ni ne fa."

Ya saka masa. Ya fito daga zauren zuciyarsa na tsalle, ba don ya taimaki kawunsa ba, sai don ya ga abin da ya rasa tun farko. Idan mutanen kara suka ji Malam Zailani, wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya shiga, wa zai sake kiran abin na ɓarayi? Ya tuna alkawarin da ya yi, ya ɗan ji nauyi, sai ya lallashi kansa da cewa ai ɗaukaka kawun zai yi, ba tona shi ba.

A garin akwai wani sanƙira da ake kira Yelwa, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Aikinsa a wurin biki da suna shi ne duk wanda ya yi kyauta ya ɗaga sunansa sama, ya haɗa da na ubansa da na kakansa, don kowa ya ji. Wannan sanƙiran Sha'aban ya ɗauko, da masu kalangu, ranar kasuwa da hantsi lokacin da kara ta cika maƙil. Aka jingina allon mai baƙar hula a jikin wata bishiya, kalangu ya ɗauka, Sha'aban ya ba abokinsa waya ya ce ya ɗauki komai don a tura wa kamfani.

Yelwa ya share murya. "Jama'a ku saurara! Kuɗin zamani ya iso Daura! Kuɗin da ba ya barin sawu! Ka biya ba a sani ba, a biya ka ba a gani ba!" Sha'aban ya raɗa masa a kunne, sai Yelwa ya juya ya nuna rumfar Malam Zailani da ke gefen turaku. "Ga babban dillali ya shiga! Malam Zailani ya shiga! Zailani na gaban kowa, tuni yana cikin wayarsa!"

A lokacin Malam Zailani na riƙe da igiyar wani bijimi, yana tsakiyar ciniki. Ya ɗago kai a hankali. Bai dubi sanƙiran ba, ɗan 'yar'uwarsa ya duba. Sha'aban ya ɗaga masa hannu yana murmushi, yana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Kalangu ya ci gaba shi kaɗai, mutane suka fara duban juna. Wanda ke tayin bijimin ya saki hannun dillalin ya ce bari ya zagaya ya dawo, bai kuwa dawo ba. Mai bijimin, wani makiyayi daga garin Babban Mutum mai suna Harisu, wanda tun zamanin mahaifinsa a wannan rumfa suke sauke shanu, ya matso ya karɓi igiyarsa.

"Malam, ba na zarginka da komai," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Amma bara an kore mana shanu, har yau muna bin sawu. In na ji an ce ba sawu, gabana faɗuwa yake yi."

Kafin la'asar maganar ta zagaye kasuwa, kuma kowane baki ya ƙara mata gishiri. Wani ya ce dama ya lura Malam Zailani ya gyara katangar gidansa bana. Wani ya tuna wasu baƙin shanu da suka kwana a turakunsa da damina, aka wayi gari babu su. Shanun nan kowa ya san mai su a lokacin, amma yanzu sai aka manta. Mutumin da jiya ake rantsuwa da gaskiyarsa, yau har yadda yake sa waya a aljihu ya zama abin lura.

Da kasuwa ta sake zagayowa, sarkin dillalai ya tara dattawan kara a rumfarsa, aka kira Malam Zailani. Sha'aban ya biyo shi ba tare da an gayyace shi ba, don zuwa lokacin ya gane ɓarnar da ya yi, kuma yana ganin bakinsa zai gyara.

"Malam Zailani," in ji sarkin, "mu ba mu ce ka yi wani abu ba. Amma ka san aikinmu. In saniyar sata ta ratsa ta hannunka, da me za mu bi wanda ya biya?"

"Ranka ya daɗe, ko kwabo ban taɓa karɓa da shi ba. Dubawa kawai na ce zan yi."

Sha'aban ya yi wuf ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. Ni na saka masa, kuma ni na sa aka kira sunansa bai sani ba. Kawu, kawo wayar." Ya buɗe, ya ɗaga ta yana nuna wa dattawa ɗaya bayan ɗaya. "Ku duba, babu komai a ciki. Bai tura ba, ba a turo masa ba."

Sarkin dillalai ya dubi wayar, ya dubi yaron, sannan ya ce:

"Yaro, ba kai ne ka kawo mana sanƙira ya ce abin ba ya barin sawu ba? To in an yi cinikin ma, ai haka za mu gani, babu komai."

Sha'aban ya buɗe baki zai ce ba haka abin yake aiki ba, mai wayar yana iya ganin nasa. Sai ya hango allonsa har yanzu jingine a jikin bishiya, da rubutun da shi da kansa ya biya aka yi. Ya sauke wayar, ya mayar wa kawunsa.

Dattawa suka yanke cewa Malam Zailani ya ɗan huta da dillanci har ƙura ta lafa. Kowa a wurin ya san irin wannan hutun ba a cika dawowa daga gare shi ba, domin makiyayin da ya koma wata rumfa ya koma ke nan. Malam Zailani bai yi musu ba. Ya je ya kwance igiyoyinsa daga turaku, ya naɗe su a kafaɗa, ya naɗe tabarmarsa. Sha'aban ya biyo shi yana hawaye, yana cewa a yafe masa, ya miƙa hannu zai karɓi kayan.

"Bar su, zan iya," in ji kawun. Ya ciro wayar ya miƙa masa. "Cire mini abin nan. Na zo wurinka ne don mutum ɗaya ya daina bina a hanya. Yanzu garin duka ke bina da ido."

Kamfanin kuwa ya ga bidiyon ya yaba da cikar kasuwa, ya turo wa Sha'aban ƙarin riguna. Har yau suna cikin ledarsu a ƙarƙashin gadonsa, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa kuɗin sirri a Daura, har waɗanda a zuciyarsu suke buƙatarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutane ba sa karɓar abu don amfaninsa kaɗai, suna fara duban rigar da aka sa masa da bakin da ya kawo shi. Neman sirri a dukiya ba laifi ba ne, mai gaskiya ma yana buƙatarsa, amma wanda ya tallata shi da kamannin masu laifi ya kori masu gaskiya da hannunsa. Sannan duk wanda ya ba ka amanar sirrinsa, ba ka da ikon mayar da sunansa allon talla, ko da kana ganin ɗaukaka shi za ka yi. Mai karatu, kafin ka ɗaga sunan wani don a gan ka, tsaya ka tambayi kanka da me yake cin abinci, domin kana iya rushe masa shi da hantsi ɗaya, ka kuma rasa yadda za ka mayar.