Ranar da Kwamfuta Ta Haɗiye Bona

Akwai wani mutum a nan Paraku ana ce masa Sabi Mora. Ɗan gari ne, a unguwar Banikani aka yanke masa cibiya, amma shekara tara da ya yi a Kotonu yana karatun kwamfuta ta sa ya dawo yana kallonmu kamar ba sakwara ɗaya muka ci muka girma ba. Ka gaishe shi da yarenmu, da Faransanci zai amsa maka. Ka kira shi Sabi, sai ya yi kunnen uwar shegu har sai ka gyara ka ce Injiniya.

Wadda ta tsaya masa a karatun nan yayarsa ce, Nyon. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa. Wagashi take soyawa, cukun nan na Fulani, a bakin ƙofar wata kwaleji, tun safe har rana ta faɗi.

Nyon tana da 'ya mai suna Bona Yaru, a aji huɗu na wannan kwalejin, ajin da ake zana jarrabawar BEPC. Yarinya ce mai kai, in ba ta zo ta ɗaya ba to ta biyu. Uwar ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga Bona ta zauna wannan jarrabawa.

Ni da nake ba ku labarin nan malamin lissafi ne a kwalejin a lokacin, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

A shekarar ne shugaban makarantarmu, Mushe Seru (Mushe lakabin girmamawa ne na Faransanci, kamar a ce Malam), ya sayo manhajar ajiye bayanan ɗalibai: sunaye, makin jarrabawa, jerin aji, komai. Ya ba Sabi aikin ɗora ta. Sabi ya huda bango, ya ja waya ta cikin rufi, ya haɗa kwamfuta uku su riƙa ganin juna, babbar a ofishin shugaba, ɗaya a wurin mai kula da karatu, ɗaya a teburin sakatariya.

Gaskiya dai a faɗe ta, ya iya aikinsa. Ranar da kwamfutar sakatariya ta ƙi ganin babbar, ya hau tsani ya bi wayar taku bayan taku, kafin rabin awa ya sauko da guntun da ɓera ya gaigaye. Muka tafa masa. Ina jin tafin nan ne ya ƙarasa lalata shi.

Sakatariyar tamu Madam Ganigi ce, shekararta ashirin da shida a kan kujerar nan. Manyan littattafan rajista gare ta, kuma a gefen kowane suna tana rubuta sunan uwar yaro da unguwarsu da fensir. Wanda bai san mu ba zai ce ɓata lokaci ne.

Mu kuwa Bariba sunan mutum yana bin layin haihuwarsa ne. Ɗan fari Woru, na biyu Sabi, na uku Bio. Mace ta fari Nyon, ta biyu Bona, ta uku Bake. Sunayen gidaje ma ba su da yawa. Ga shi yaran da aka haifa a ƙauye sai sun girma ake yi musu takardar haihuwa, iyaye shekara kawai suke tunawa, sai a rubuta ɗaya ga Janairu a wuce wurin.

Ranar Litinin ɗin da Sabi ya gama zuba sunaye ɗari shida da sha biyu a cikin manhajar, sai ga jan rubutu ya bayyana: sunaye arba'in da shida sun maimaitu, biyu-biyu. Muna ofishin mu malamai huɗu muna jiran alli. Sabi ya juyo wa Madam da fuskar kwamfutar yana murmushi. Maman yake kiranta, wato uwa da Faransanci.

"Kin gani ko, Maman? Shekara nawa kina rubuta yaro ɗaya sau biyu ba wanda ya kama ki?"

Madam Ganigi ta gyara tabarau ta sunkuya. "Ba yaro ɗaya ba ne, ɗana. Buɗe min su ɗaya bayan ɗaya in faɗa maka wane ne wane. Ga Bio Gunu nan, biyu gare mu. Ɗaya uwarsa doya take sayarwa a kasuwar Depo, ɗayan maraya ne, wurin kakarsa yake."

"Suna ɗaya, sunan gida ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, aji ɗaya. Maman, kwamfuta ba ta tsufa, ba ta kuma mantuwa."

"To kai ma ai Sabi ne. Fita tsakar makarantar nan ka ƙwala kiran Sabi, ka ga mutum nawa za su waiwayo."

Wani a cikinmu ya yi dariya. Fuskar Sabi ta murtuke nan take.

"Injiniya," ya ce, "haka ake kirana a wurin aiki."

A ƙasan jan rubutun akwai zaɓi biyu: a duba su ɗaya bayan ɗaya, ko a haɗe duka. Dubawar ba za ta ci masa awa guda ba. Ya ɗora hannu ya danna haɗe duka, ko kallon jerin bai yi ba. Da ya kalla, da ya ga sunan 'yar yayarsa a layi na bakwai, domin Bona Yaru biyu ne a aji huɗu.

"Aƙalla ka bar jerin farko a ajiye a gefe," in ji Madam.

"A ajiye datti a yi me da shi?" Ya soka filasharsa ya kwafe sabon jerin a kan tsohon.

Washegari Madam ta shiga wurin Mushe Seru da littafinta a hannu. Ta ce yara ashirin da uku sun ɓata daga kwamfuta, tara daga ciki 'yan jarrabawa ne. Shugaba ya sa aka kira Sabi.

Sabi ya sassauta murya, irin ta mai ba da shawara. "Mushe, ban so in faɗa a gaban mutane ba. Amma a Kotonu mun sha ganin irin wannan. Yaran bogi ne, ana cusa su a rajista don wata manufa. Da takarda ba a ganewa, da na'ura kuwa asiri ya tonu."

Mushe Seru mutum ne mai tsoron abin kunya fiye da tsoron kuskure. Bai tashi ya leƙa aji ya ƙirga kawuna ba, alhali ajin bai fi taku talatin daga ofishinsa ba. Ya ce Madam ta ajiye makullai ta je gida ta huta har a yi bincike.

Ta ajiye makullan a kan tebur, ta ɗauki jakarta, ta ratsa ta gabanmu. Mun san yaran nan, mu ne muke koya musu, ni kaina Bona biyu nake yi wa maki kowane mako. Amma ba wanda ya buɗe baki, don kada a ce shi ma ɗan ƙauye ne bai fahimci zamani ba. Har gobe abin nan yana ci min rai.

Da aka zo tura takardun 'yan jarrabawa, Sabi da kansa ya zauna yana jera fayil-fayil a kan sabon jerin da ya buga. Tara suka yi saura. Ya watsa su cikin kwalin shara, mai gadi kuma kowace Asabar yake ƙona shara a bayan makewayi.

Bayan mako uku jerin ya dawo daga ofishin jarrabawa, aka manna a allon sanarwa ranar Laraba. A ƙasa an rubuta cewa duk mai gyara ya kawo kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a.

Yara suka yi cincirindo. Can na hango Bona biyu tsaye a gaban layi ɗaya, kowace ta ɗora yatsa a kai. Suna ɗaya ne, lamba ɗaya, hoton kuwa na ɗaya Bonar ne, ba 'yar Nyon ba.

'Yar Nyon ta zo ofis wurin Sabi. "Kawu, ban ga sunana ba."

"Matsalar na'urar bugawa ce, je ki aji," ya ce da ita.

Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya zare waya ya mayar. Ya je babbar kwamfutar ya rubuta Bona Yaru, ta ba shi mutum ɗaya. Ya soka filasha, ita ma mutum ɗaya. Zufa ta jiƙa masa riga, ga iyaye sun fara taruwa a bakin ƙofa. Mushe Seru ya shigo idonsa ja.

"Injiniya, yaran bogin naka ga su can tara suna kuka a ƙarƙashin mangwaro. Tashi ka je ka ɗauko Madam, ko da goyo ne."

Sabi ya hau zem, wato acaɓa, ya tafi unguwar Albarika. Ya same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ya durƙusa, abin da bai yi wa kowa ba tun dawowarsa. Ba ta zage shi ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Fayil ɗin yaran tara suna ina?"

Ya sunkuyar da kai. "An ƙona, Maman."

Ta ajiye tiren gyaɗar a hankali. "Na Bona 'yar Nyon, takardar haihuwarta ta asali ce a ciki. Uwarta ba ta san bambancin asali da kwafi ba, ta kawo min ita. Na manna 'yar takarda a bangon fayil ɗin, na rubuta da jan biro cewa a yi kwafi a mayar mata. Ba ka karanta ba?"

Bai karanta ba. Ko juya fayil ɗin bai yi ba.

Tsohuwar nan da aka kora da sunan cuta ita ta ɗaura zani ta hau bayan zem. Kwana biyu tana bin gidaje, ba littafi a hannunta, duk a ka take da su. Wannan a bayan masallacin Zongo, wancan kusa da injin niƙa, waccan uwarta ta koma gidan ƙanenta. Yara takwas aka samu takardunsu na asali a gida, aka yi kwafi, aka buga hatimi, aka sake ɗaukar hoto, aka kai ranar Juma'a da hantsi.

Bona kuwa a wani ƙauye can bayan Kalale aka haife ta. Sabi ya kama hanya tun asubar Juma'a. Ma'aikacin da ya samu a ofishin rajistar haihuwa na can ya karɓe shi da mutunci, ya ce za a iya sake fitar da takardar, amma sai an tono rajistar shekarar, ya dawo nan da mako biyu. Ya roƙa, ya faɗi sunan makarantar da ya yi a Kotonu, ya nuna katin aikinsa. Mutumin ya ce ko ministan kwamfuta ne shi, mako biyu ne.

Ƙarfe biyar ta buga yana kan hanyar dawowa, hannu biyu babu komai.

Ranar Litinin aka mayar wa Madam Ganigi makullanta. Ba taro, ba ban haƙuri a gaban waɗanda aka kunyata ta a gabansu. Mushe Seru cewa kawai ya yi an samu 'yar rashin fahimta. Ita ta zauna kusa da Sabi tana faɗa masa sunan uwar kowane yaro, yana shigarwa a sabon gurbi, har ashirin da ukun suka dawo cikin kwamfuta. Sunan Bona ya dawo, amma jerin jarrabawa ya riga ya rufe.

Safiyar jarrabawa an kwana ana ruwa. Yara suna ta shiga da biro da katinsu a hannu, iyaye suna yi musu addu'a a bakin ƙofa. Nyon tana wurinta tana juya wagashi a cikin mai. Bona tana zaune a gefenta a kan benci, ba kayan makaranta a jikinta, tana naɗe wa masu saye a takarda.

Sabi ya zo ya tsaya, ya daɗe, sannan ya tsuguna a gefen murhu.

"Yaya."

Ba ta ɗago ba.

"Yaya, ki yafe min. Baɗi ni zan tsaya mata a kan komai, wallahi."

Nyon ta tsame wagashin ta zuba a matsami, sannan ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara tara ina tsaye a kan wutar nan don ka iya karatu, tun da ni ban iya ba. Layi ɗaya aka rubuta maka da jan biro, Sabi. Layi ɗaya. Tashi ka ba masu saye wuri."

A daidai lokacin aka buga ƙararrawar shiga aji. Bona ta miƙe zumbur kamar yadda ta saba kullum, har ta yi taku ɗaya wajen ƙofa. Sai ta tsaya, ta dawo ta zauna, ta ɗauki wata takardar ta ci gaba da naɗi.

Darasi: Na'ura abin da ka ba ta take sani, ba ta san uwar kowa ba. Duk iliminka, in wanda ya daɗe a wuri ya ce maka dakata ka duba, to ka dakata ka duba, domin girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi ne kaɗai yake ɗanɗana kuɗarsa ba. Mu kuma da muke ganin gaskiya mu yi shiru don kada a raina mu, da hannunmu a cikin ɓarnar. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa sunayen 'ya'yan mutane a hannunsa, ko ya karanta kafin ya danna.