Kifayen da Aka Bar wa Maman Reuben Amana

Akwai wata mata a Samaru, wajen shekarar 2006, sunanta Elizabet, amma duk layin da Maman Reuben aka san ta. Daga wani ƙauye a bayan Giwa aure ya kawo ta gari. Halinta ɗaya kowa ya shaida: ba a shiga ɗakinta a fito da yunwa. Kajinta sun fi na kowa ƙiba. Mijinta Baƙo, mai gyaran keke a bakin kasuwa, yakan ce ko ɓera ne ya shigo musu sai ta tambaye shi ko ya karya.

A gidan hayar da suke zaune akwai wani dattijo Bayarabe, Baba Akinola, da ya yi ritaya daga aikin jami'a. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, ta bar masa akwatin gilashi a falo da kifaye shida masu ruwan zinare a ciki. Ita ta yi kiwonsu da hannunta. Babban cikinsu yana da baƙin tabo a wutsiya, ta sa masa suna Mai-ɗigo. Kullum da yamma Baba zai ja kujera gaban gilashin, ya zauna yana yi musu hira da Yarbanci.

Da ciwon ido ya matsa masa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Ilorin a yi masa aiki. Ranar tafiyar ya miƙa wa Elizabet makulli da wani ɗan gwangwani.

"Maman Reuben, ga abincinsu. Abin da yatsa biyu suka ɗauka, sau ɗaya a rana. Su kaɗai Mama, matata, ta bar mini."

"Haba Baba, ni da na raini 'ya'ya biyar? Ka je ka dawo lafiya."

Ranar farko ta yi yadda aka ce. Amma tana juyawa za ta fita, sai ga kifayen sun taru a jikin gilashi, suna buɗe baki suna rufewa, suna bin ta duk inda ta yi. Zuciyarta ta karye.

"Wayyo bayin Allah, ashe tsohon nan da yunwa yake barin ku."

Ta ƙara. Da rana ta dawo ta ƙara. Gwangwanin da aka ce zai kai wata uku, cikin mako biyu ya ƙare. Sai ta koma abin da ta sani: ɓarɓashin burodi, tsakin kaji, da ƙuli-ƙulin da take murzawa a tafin hannu.

Akwai kuma wani ɗan inji a gefen akwatin da ke hura iska cikin ruwan dare da rana. Ita kuwa mace ce mai tsoron gobara. Ɗakin da ba kowa, a bar abu a jone, wuta ta dawo da ƙarfi? Ta zare shi daga bango, ta ji ta yi abin kirki.

Ana nan 'yarta Favour ta haihu a Palladan, haihuwar fari. Dole uwa ta je ta zauna mata har a yi suna. Kafin ta fita, ta yi wa kifayen abin da take yi wa kajinta in za ta yi tafiya: ta zuba musu abincin kwana takwas a lokaci guda, ta kulle ƙofa, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Ranar da ta dawo, tun kafin ta gama buɗe ƙofar wari ya tare ta.

Ruwan ya zama kamar ruwan wankin shinkafa. Gilashin ya yi gansakuka kore shar, maiƙon ƙuli-ƙuli ya kwanta a sama. Ƙaramin cikinsu yana yawo a kan ruwan, ciki a sama, ya mutu. Huɗu sun ɗago baki suna neman iska. Mai-ɗigo kuwa yana can ƙasa a kan tsakuwa, ya karkace gefe guda, da ƙyar yake motsi.

Ta ɗora hannu a ka. Ihunta ne ya kawo Baƙo da gudu.

"Ɗazu fa Baba ya bugo wayar mai gidan hayar nan," in ji shi. "Ya ce ranar Asabar ta sama yana hanya. Kwana tara ke nan."

Ta ruga ta ɗebo bokiti, omo da soson ƙarfe, za ta wanke akwatin tas yadda take wanke randa. Har ta kai hannu, sai ta tsaya.

"Baban Reuben, sau biyu na yi da sanina, ga inda sanin nawa ya kai su. Na ukun sai na tambaya."

A gindin gwangwanin nan akwai takarda liƙe da sunan wani shago a Sabon Gari. Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta ɗauki gwangwanin, suka hau bas. Sun sha tambaya kafin su sami wurin, wani ɗan lungu mai kejin tsuntsaye a ƙofa. Mai shagon, Madam Winifred, Inyamura ce haifaffiyar unguwar Muchia, Hausa a bakinta kamar ta Bazazzagiya. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta yi baya.

"Chineke, Allahna! Mama, kifi kike kiwo ko daddawa kike haɗawa?"

Elizabet ba ta ɓoye komai ba, har ƙuli-ƙulin, har injin da ta zare. Madam ta riƙe baki.

"Kin san Allah ya taimake ki da ba ki sa omo ba? Da yanzu jana'iza kuke yi. Sabulu guba ne a wurinsu. Kuma kar ki zubar da ruwan duka, kashi ɗaya cikin uku za ki riƙa cirewa kullum. Ruwan famfo kuma sai ya kwana a baho a buɗe, maganin da ke ciki ya fita. Ki mayar da injin yau ɗin nan, shi ne numfashinsu."

Ta yanko mata tiyo siriri, ta nuna mata yadda ake zuƙo dattin da ke ƙarƙashin tsakuwa.

"Saura babban sharaɗin. Kwana uku kar ki ba su komai."

"Kwana uku! Madam, azumi zan sa su?"

"Kifi bai san ƙoshi ba, Mama. Ko yanzu ya ci, kika zo zai buɗe miki baki. Ba yunwa ba ce, haka Allah ya yi shi."

Baƙo dai tun ɗazu yana leƙen wani akwati a kusurwa. Ya taɓo matarsa, ya rage murya.

"Ke, dubi wancan ƙaramin. Kamar an tsaga kara da wanda ya mutu. Mu tafi da shi mana. Mutumin da aka yi wa aikin ido, ina zai gane?"

Elizabet ta daɗe tana kallon kifin. Kamar kuwa ta ɓaci, har girman.

"Wannan kifin, matar Baba ba ta taɓa ba shi abinci ba," ta ce. "In na sa shi, Baba zai zauna yana yi wa baƙo hirar matarsa, ni kuma ina ji daga tsakar gida. Ba zan iya ba."

Suka dawo da tiyo da sabon gwangwani kawai.

Ranar farko da ta zuƙi tiyon, ruwan ya cika mata baki. Baƙo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ta ɗanɗana girkinta. Ta tofar, ta kurkure baki, ta sake. Ta goge gilashin da sabon ƙyalle. Soson da ke cikin injin ta matse shi a tsohon ruwan da ta cire, yadda aka koya mata. Kullum da safe tana durƙushe a falon Baba, bahon ruwa a gefe, tana zuba sabon a hankali da kofi don kar ta firgita su.

Aikin bai dame ta ba. Azumin ne ya kusa kayar da ita. Rana ta biyu huɗun nan suka taru a gilashi suna buɗe mata baki, ta ji kamar jikanta ne ke kuka. Ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su. Da ta ga ba za ta iya ba, ta ɗauki gwangwanin ta ba Baƙo.

"Tafi da shi wurin aiki. Ko na roƙe ka, kar ka ba ni sai jibi."

Rana ta biyar aka fara hango bangon falo ta cikin ruwan. Rana ta shida, tana cikin zuƙar datti, Mai-ɗigo ya miƙe daga kan tsakuwa, ya kaɗa wutsiya, ya zo ya taɓa tiyon da baki. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Ranar Asabar Baba Akinola ya iso da sabon tabarau. Bai ko zauna ba ta durƙusa a ƙofar falon.

"Baba, kafin ka shiga. Shida ka bar mini, biyar za ka tarar. Ni na kashe ɗaya, da abinci."

Ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya ja kujerarsa gaban gilashin, ya zauna ya daɗe. Ruwan garau, har ana iya ƙirga tsakuwa.

"Ƙaramin da ya mutu, leɓensa na ƙasa a tsage yake," ya ce a hankali. "Da kin kawo wani, da na gane. Ba zan ce miki komai ba, amma da ba ki sake riƙe makullina ba."

Baƙo ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Tashi, Maman Reuben. Tun da Mama ta rasu ruwan nan bai yi haske haka ba. Ni ma na bar shi ya yi datti, ido ba ya gani. 'Yata ta ce in tattara in koma Ilorin, kifi kuwa ba zai jure wannan hanya ba. Duk tafiyar nan tunanin wanda zan bar wa su nake yi." Ya cire tabarau ya goge ido. "Ashe tana tsakar gidana."

Wata guda bayan nan aka shigar da akwatin ɗakin Elizabet. Kullum da safe takan ɗauki abin da yatsa biyu suka ɗauka ta zuba musu. Su taru su buɗe mata baki, ita kuma ta harɗe hannuwa a baya, ta ce, "Na ji ku. Sai gobe."

Darasi: Ba duk bakin da aka buɗe mana ne yunwa ba, kuma ƙauna marar ma'auni tana iya kashe abin da muke so, ko kifi ne ko ɗan da muka haifa. In kuwa mun ɓata amana, mu tambayi wanda ya sani, mu gyara da haƙuri, mu faɗi gaskiya da bakinmu kafin a tambaye mu. Ku tura wa wata uwa mai taushin zuciya, wataƙila yau take bukatar jin wannan.