Kurege da Gungumen Ninki

Ga wata nan tafe gare ku. Wanda ya ce ta zo ya ji ta, to ya aje abin da ke hannunsa, don wannan sai an bi ta da yatsu.

A wata shekara Kurege ya ƙi noma. Ba ciwo ya yi ba, ƙyuya ce zalla. Duk damina yana kwance a kan suri yana ƙidaya shukar mutane. In dai ƙidaya ce, Allah ya ba shi kai, shi da fartanya ne kawai ba sa ga maciji. Kaka ta zo kowa ya cika rumbu, shi kuwa raminsa fayau. Yunwa ta ci shi ta ci shi, har ya koma ƙirga haƙarƙarinsa, tunda babu sauran abin ƙirgawa a gidan.

Amma bakin nan bai mutu ba. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne Kurege, ƙaramin jiki babban kai! Su yi noma da ƙarfi, ni in yi girbi da lissafi."

Da gari ya waye sai ya ji hayaniya a gonar da ke bakin rafi, kusa da raminsa. Kura ce da Mugun Dawa. Sun yi noman dankali tare, sun haƙe, ya ba su kwando goma sha biyu. Yaro ma ya san shida-shida ne rabon, amma kowannensu ya rantse shi ya fi shan wahala, ba zai yarda a yi daidai ba.

Kurege ya koma rami da sauri. Ya naɗa rawani da tsumma, ya manna gemu na gashin masara, ya tura wutsiya cikin riga, ya fito yana jan carbin ƙwallon kurna.

"Salamu alaikum, bayin Allah. Ni ne Malam Na-Ƙidaya daga gabas. Na raba wa kifaye ruwa ba wanda ya yi ƙorafi. Me ya haɗa ku?"

Kura ta durƙusa. "Allah gafarta Malam, wannan mai haurun ne yake so ya cuce ni."

"Ƙarya take, Malam!" in ji Mugun Dawa. "Ni na yi haƙa da hancina!"

Malam ya shafa gemu a hankali don kada ya faɗi. "Abu mai sauƙi. Ke Kura, a raba gida biyu ki ɗauki kashi ɗaya. Kai kuma, ɗaya cikin biyu kake so, ko ɗaya cikin uku?"

Mugun Dawa ya yi tunani har goshinsa ya tattare. "Uku ai ya fi biyu. Ɗaya cikin uku nake so!"

Kura ta yi tsalle. "A gabana? Shi uku ni biyu? Wallahi ɗaya cikin huɗu zan ɗauka!"

"To ni ɗaya cikin shida!" in ji Mugun Dawa, yana huci.

Kura ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tuna ƙidayarta ba ta wuce biyar ba. Ta haƙura da huɗun.

Kurege dariya kamar ta kashe shi a cikin rawani. Ya raba sha biyu gida huɗu, ya ba Kura kwando uku. Ya raba sha biyu gida shida, ya ba Mugun Dawa kwando biyu. Mugun Dawa ya dubi nasa, ya dubi na Kura.

"Malam, ya na ga kamar nata ya fi tudu?"

"Ido kake bi ko ilimi? Shida da huɗu wanne ya fi?"

"Shida."

"To ka gode wa Allah, ka kayar da ita."

Mugun Dawa ya washe haure. Kura kuma ta ga nata ya fi yawa, ta yi lamo kada a gane. Sai suka tambayi kwando bakwai da suka rage.

Malam ya zaro ido. "Kul! Wannan shi ake kira ragowar lissafi. Duk wanda ya ci, gashin jikinsa zubewa zai yi. Binne shi ake yi. Ga wani tsohon rami can gindin gungumen da aka gitta a kan rafi, ku zuba a ciki."

Da kansu suka yi dakon kwando bakwai har ƙofar ɗakin Kurege, suka tura ciki, suka kuma yi masa godiya. Ranar Kurege ya ci dankali har sai da numfashi ya gagare shi.

To, mai hankali da ya tsaya nan. Abincin da zai kai shi wata damina yana ƙarƙashinsa. Amma Kurege in ya ga dankali a hannun wani, nasa daina daɗi yake yi.

Da gari ya waye, bayan kwana uku, ya hango Kura tafe da ɗan kwando. Ta cinye rabonta kaf, saura ƙwaya bakwai. Kurege ya yi wuf ya yar da rawani, ya ɗaura zane, ya yafa mayafi har ƙasa, ya zauna daidai bakin raminsa ya rufe shi ruf. Ya ranƙwafa kamar tsohuwa.

"Jikata, zo nan. Ni ce Iya Mai Gungume. Nawa ne a kwandon?"

"Iya, sun wuce biyar dai."

Tsohuwa ta ƙirga. "Bakwai. Wayyo, 'yar nan, wannan ai ba zai kai ki gobe ba. Kin ga gungumen nan? Mai albarka ne. Duk sa'ad da kika haye shi kika dawo, zan ninka miki abin da ke kwandonki. Ni dai tukuicina takwas ne kowace tafiya. Sharaɗi ɗaya ne, in an fara ba a tashi sai ɗayanmu ya koma hannu wofi. Kin rantse?"

Kura ta ji kalmar ninki, sauran zancen bai shiga kunnenta ba. Ta rantse.

Ta haye ta dawo. Tsohuwa ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta zaro bakwai ta ƙara mata, suka zama sha huɗu. Kura ta yi guɗa. Aka cire takwas, saura shida. Ta sake hayewa, shida suka zama sha biyu, aka cire takwas, saura huɗu. Ta ƙara da gudu har tana tuntuɓe. Huɗu suka zama takwas, tsohuwa ta kwashe takwas ɗin. Kura ta leƙa kwando, ta kife shi, ta girgiza. Ko ɓawo.

"Iya, ina albarkar?"

"Ai kin gan ta da idonki sau uku. Riƙo ne ba ki iya ba."

Kura ta koma gindin wata kanya ta zauna tana sharar hawaye. Ni kaina na ɗan tausaya mata, amma ba sosai ba.

Ku ji sirrin abin, ku da kuke bi da yatsu. Wanda ya zo da ƙasa da takwas, kowace tafiya kwandonsa raguwa yake. Wanda ya zo da takwas cif, haka zai yi ta zirga-zirga ba gaba ba baya. Amma wanda ya zo da fiye da takwas, to mai gungume ya shiga uku. Kurege ya san haka sarai, shi ya sa yake fara tambayar adadi.

Da gari ya waye ranar kasuwa ce. Kura tana nan gindin kanya, baƙin ciki ya hana ta zuwa gida. Da hantsi sai ga Ɓauna ta dawo daga cefane, tana tafe ƙasa na amsawa, da ƙaton kwando a ka an rufe shi da faifai. Ɓauna ba ta da yawan magana, ba ta kuma san wasa da rantsuwa ba.

"Sannu da hanya, jikata," in ji Iya Mai Gungume. "Me aka samo?"

"Dankali, Iya."

"Guda nawa?"

"Bakwai na saya."

Kurege ya ji daɗi har wutsiyarsa ta motsa cikin zane. Ya karanta mata zancen ninki da tukuici da sharaɗi. Ɓauna ta yi tuƙa na ɗan lokaci, ta ce, "Iya, sai dai ke ma ki rantse. Kuma a kira shaida."

Kura ta taso da rawar jiki. Ba taimako ya kawo ta ba, so take ta ga wata ma ta yi kuka irin nata.

"Na rantse!" in ji tsohuwa. "In na tashi kafin ɗayanmu ya koma hannu wofi, ki ɗauke ni da ƙahonki. Ni da lissafi ba sai na leƙa kwando ba. Ni ce na ƙirga yashin rafin nan, na tarar an sace guda biyu!"

Ɓauna ta haye gungume, yana ƙara a ƙarƙashinta, ta dawo ta sauke kwando ta ɗaga faifai. Kurege ya miƙa wuya. Ɗaya, biyu, uku. Ya kai bakwai, hannunsa bai tsaya ba. Takwas. Tara.

Tsohuwa ta ɗago kai. "Jikata, ba bakwai kika ce ba?"

"Bakwai na saya. Biyun gyara ne. Mai dankalin ta san ni, kullum sai ta ɗora mini."

"To don me ba ki faɗa ba?"

Ɓauna ta dube ta da mamaki. "Haba Iya, da girmanki. Wa ya taɓa ƙidaya gyara?"

"Gaskiya ne," in ji Kura. "Ko ni na san wannan."

Kurege da bai taɓa sayen komai a kasuwa ba, sata kawai ya sani, ina zai tuna da gyara? Ya ce a cire biyun a aje gefe. Ɓauna ta ce abin da ke kwando aka rantse a kai, ta kuma sunkuyar da kai kaɗan yadda tsohuwa za ta ga tsinin ƙahon da kyau.

Tara suka zama sha takwas, aka cire takwas, saura goma. Goma suka zama ashirin, saura sha biyu. Sha biyu suka koma sha shida. Sha shida suka koma ashirin da huɗu. Ɓauna ba ta gudu ba ta gajiya, tana hayewa tana dawowa kamar mai zuwa rijiya. Hannun tsohuwa sai shiga yake ƙarƙashin mayafi yana fitowa, gumi ya jiƙa zanen sharkaf.

"Jikata, rana ta yi zafi, ki huta mana."

"Ban gaji ba, Iya."

"Gungumen nan fa ya tsufa, kada ya karye da ke."

"In ya karye na bi ta ruwa."

Arba'in. Saba'in da biyu. Kwando ya cika aka koma tarawa a ƙasa. A tafiya ta bakwai tulin Ɓauna ya kai ɗari da talatin da shida, ga ta kuma ta juya za ta yi ta takwas. Kurege ya laluba rami da ƙafa, ya ji abin da ya rage bai kai rabin abin da za a nema ba. Abincin shekara guda ne yake kallo yana tafiya.

Kafin ta dawo ya wawuri duwatsun bakin rafi, ya mulke su da jar laka, ya cusa cikin sauran dankalin. Kura na can tana lasar baki a kan tulin, ba ta lura ba. Ɓauna ta dawo, tsohuwa ta zube mata komai a gaba tana ƙirga da sauri-sauri.

Tafiyar nan takwas ta sa Ɓauna yunwa. Ta ɗauki guda mai kyan ja ta jefa a baki. Ƙarar da aka ji, har tsuntsayen kanya sai da suka tashi.

Ɓauna ta tofar da dutse da guntun haƙori. Ta sa ƙaho ƙarƙashin tsohuwa ta watsa ta sama. Zane ya yi gabas, mayafi ya yi yamma, sai ga Kurege tsirara da wutsiya bazar-bazar yana juyi a iska. A inda yake zaune kuma ga bakin rami, ga kwanduna bakwai a jere babu komai ciki.

Kura ta gane saƙar kwandunanta. "Ragowar lissafi! Ashe kai ne Malam! Kai ne Iya!"

Kurege ya faɗo tim a kan gungume, ya gangara cikin ruwa. Kura ta bi shi ta cafki wutsiya, ya fizge ya bar mata gashi cike da baki. Mugun Dawa da ya jiyo ihu ya iso a guje, bai ma san me ake ciki ba, ya dai ga ana duka ya kai nasa. Da ƙyar Kurege ya samu wata kafa a gindin gawo ya shige, ya ɓulla ta bayan dawa, yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure.

Sai da ya yi nisa ya hau wani dutse ya waiwaya. Yana hango su ukun suna kwasar dankalinsa. Ya ɗaga murya.

"Ku ci, ku ƙoshi! Amma ku shaida lissafina bai yi kuskure ko na ƙwaya ɗaya ba! Mai dankalin kasuwa ce ta cuce ni da alherinta!"

Ba wanda ya kula shi.

Da gari ya waye yana zaune a bakin wata hanya a wata ƙasar daban, ciki na kuka, ya ɗaure ƙafa da ganye. Sai ga Raƙumi tafe da buhu a doro. Kurege ya gyara murya, ya share ƙura daga fuska.

"Sannu da hanya, Dogo. Nawa ne a buhun?" Ya shafa kumburin idonsa. "Har da gyara nake tambaya."

Nan na ɗaure bakin tatsuniyata. Wanda ya ɓata ƙirga a hanya, kan kusu nasa ne.