Ranar Da Kura Ta Ba Da Ƙwaƙwalwarta

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo mu ji ta. To ku kife wayoyin nan, ba na maimaita magana.

A can baya, lokacin wutsiyar Kura doguwa ce har tana sharar ƙasa, aka kawo wa namun daji wasan tseren mota na kwamfuta. Kowa ya haukace a kai. Ana nan, ranar kasuwa, Kurege ya sha fura ya ƙoshi, bakinsa ya yi ƙaiƙayi, ya ce duk dajin nan babu mai tsere masa. Ashe Kura na bayansa.

Ta ce, "Har ni?"

Ya ce, "Har ke, Yaya."

Ta ce, "To, kasuwa mai zuwa kowa ya zo da kwamfutarsa. Wanda aka tsere wa, wanzami ya yanke masa wutsiya."

Kurege ya waiwaya ya dubi wutsiyarsa. Ita ce adonsa, ita ce laimarsa in rana ta yi zafi. Amma jama'a sun riga sun ji. Ya ce ya yarda. Ga shi ko kwamfutar ba shi da ita.

Ya ɗauki buhun gyaɗarsa, na duk shekarar, ya tafi wurin Bushiya. Ita ce mai haɗa kwamfuta a dajin. Ba ta da yawan magana, amma hannunta ba ya kuskure. In noti ya ƙi kuncewa, ƙaya ɗaya take zarowa daga bayanta ta murɗe shi. Irinta ba su da yawa.

Ya ce, "Gwaggo, ki haɗa mini wadda ta fi ta kowa."

Ta ce, "Zauna ka ji. Abu biyu ne ke aiki a akwatin nan. Akwai ƙwaƙwalwa, ita ke cewa mota ta juya, mota ta miƙe. Akwai katin hoto, shi ke zana abin da ta faɗa a kan allo. Ka taɓa ganin lugude?"

Ya ce, "Mata biyu, turmi ɗaya. Wa bai gani ba?"

Ta ce, "Wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. In ɗaya ƙatuwa ce, ɗaya tsohuwa mai ciwon baya, ƙatuwar tsayawa za ta yi da taɓarya a sama tana jira. Raba gyaɗarka biyu, rabi ƙwaƙwalwa, rabi kati."

Kurege ya ce to. Amma idonsa na kan wani ƙaton kati a rataye, mai fanka uku, yana ta walƙiya ja da kore. Ya tura mata kusan duk buhun ya ce shi yake so. Ɗan ragowar kuma, tana aiki yana ɓarewa yana ci, tana aiki yana ci. Da aka zo maganar ƙwaƙwalwa, sai ɓawo. Bushiya ta janyo kwandon tarkace, ta zaro wata tsohuwa, ta hure mata ƙura, ta saka.

Ya kai gida ya kunna. Hoto kam, sai wanda ya gani. Har tsakuwar gefen titi kana iya ƙirgawa. Amma motar? Ta tafi, ta tsaya. Ta tafi, ta tsaya. Ya juya hagu, sai ya gama haɗiye yawu sannan ta juya. Fankar tsohuwar ƙwaƙwalwa kuwa tana ihu kamar injin niƙa. Sau bakwai yana karo da bishiya ɗaya.

Ya rungume wutsiyarsa, ya koma wurin Bushiya.

"Gwaggo, an yi wa kwamfutar nan asiri."

Ta ce, "Kai ka yi mata da bakinka. Ku biyun nan kun ishe ni. Kura ma da ta zo, tana jin na ce ƙwaƙwalwa sai yawunta ya zubo, ta ɗauka irin ta kan rago ce. Ta ce a ba ta mafi girma. Komai nata babba ne a akwatin, sai kati, ɗan mitsitsi."

Kurege ya daina kuka. Kunnensa ya miƙe.

Ya ce, "Gwaggo, in aka haɗa ɗan katin nata da tsohuwar nan tawa, me za ta gani?"

Ta ce, "Abin da take gani yanzu. Katin ne ke riƙe ta. Ƙwaƙwalwarta barci take, ba ta da aikin yi." Ta ci gaba da aikinta, ta ce, "Ka tambaya, na amsa. Sauran ba ruwana."

To a nan ne za ku san Kurege. Wani da ya ji haka gida zai koma ya ci gaba da kuka. Shi kuwa ya zare ƙaton katinsa ya ɓoye a rami, ya ari wani ƙarami a kwandon Bushiya ya saka, ya ɗora akwatin a ka, sai gidan Kura.

Ya tarar da ita a kumbure. Ta ce, "An cuce ni. Na buɗe in ga ƙwaƙwalwar, sai wani ɗan falle kamar kwalin ashana. Ba kitse, ba ƙanshi."

Kurege ya kara kunne a jikin akwatinta, ya girgiza kai.

"Wayyo, Yaya. Shiru fa. 'Yar bana suka ba ki, ba a ko yaye ta ba. Barci take."

"Taka fa?"

Ya kunna tasa. Fanka ta ɗauki ihu, har kajin maƙwabta suka watse.

Ya ce, "Shekararta goma. Ta ga duniya. Ji yadda take gumi."

Kura ta ce, "Wannan ita ce ma'aikaciya. Ba ni."

"Haba Yaya, wutsiyata fa."

"Ba ni, na ce."

"Gadon kakana ce."

Ta buɗe baki ta nuna masa haƙora. Ya yi ta share hawayen ƙarya. A ƙarshe ya ce to, a yi musayar akwati, kowa ya riƙe katinsa, amma ta ƙara masa da kwandon dabinon can. Ta ƙara. Kun ji haɗama, yana bakin kura ma sai da ya nemi ƙari.

Ta ce, "Tsaya. Sai na gwada. In ka cuce ni, ba sai an kira wanzami ba."

Kurege ya tsaya. Duk ransa na kan maganar Bushiya. Kura ta saka ɗan katinta, ta kunna. Hoto dishi-dishi, mota na jan ƙafa, daidai yadda ta saba gani. Sai dai yanzu da ihu.

Ta ce, "Ka ga? Har ta fi gudu."

Ya ce, "Kin cuce ni, Yaya." Ya kwashi akwati da dabino ya fita.

Ya haƙo ƙaton katinsa, ya kai wa Bushiya. Ta dubi akwatin, ta dube shi. Ta ce, "Hmm." Ta haɗa. Dabinon ma, rabi ya ba ta, rabi ya ci a hanya.

Ranar kasuwa aka jera kwamfutoci biyu a gindin tsamiya, aka haɗa su da waya ɗaya. Wanzami na gefe yana wasa aska. Aka ce a tashi. Ƙatuwar ƙwaƙwalwa ta ɗaga, ƙaton kati ya sauke. Ta ɗaga, ya sauke. Babu mai jiran wani. Motar Kurege ta miƙe kamar ruwa a kwata, ta zagayo ta wuce ta Kura, ta sake zagayowa, har yana latsa mata ham.

Kura ta yi tsalle. "Wannan gudun daga ina?"

Bushiya ta ce, "Daga akwatinki."

Kura ta kurma ihu a tsakiyar kasuwa, "Ku ce ya dawo mini da ƙwaƙwalwata! Da hannuna na ba shi, har da dabino!"

Kasuwa ta fashe da dariya. Wanzami ya yi aikinsa.

Shi ya sa har yau wutsiyar Kura guntuwa ce, kuma in ta yi wauta ba a mamaki, an san inda ƙwaƙwalwar take. Kurege kuwa, ku dube shi, kullum wutsiya a sama.

Ƙurunƙus kan ɓeran kwamfuta. In za ku saya, ku raba gyaɗarku biyu. In kun ƙi, ku tabbata kuna da kura a maƙwabta. Ku tashi, na gaji.