Lasisin Malam Sallau Ɗaya Ne

Ku matso ku ji wannan, in na gama sai ku yi ta gardamarku.

A Funtuwa an yi wani mutum, Malam Sallau, mai buga takardu a kotu. Da ya yi ritaya sai ya sayi kwamfuta, a lokacin da unguwa kaf babu mai ita. Masu ita a cikin gari na sa wa tasu manhajar sata a kasuwa, shi kuwa ya dage sai da ya sayi ta gaskiya mai lasisi, ya ce kayan sata ba za su kwana a gidansa ba. An yi masa dariya, bai kula ba. Kullum bayan la'asar yakan zauna gabanta yana ɗaukar muryarsa, yana ba da labarin garinsu na dā, da jirgin ƙasa, da ranar da ya fara ganin matarsa Hansai a bakin rijiya.

Bayan rasuwarsa, wannan murya ita ce abokiyar hirar Inna Hansai. Ido ya yi rauni, amma kunne garau. Takan shimfiɗa tabarma ta saurara, wani lokaci har ta musa masa, ta ce ba haka aka yi ba. Tana kewarsa ƙwarai.

Sai wata damina rufin ɗakin ya ɓalle, ruwa ya cika kwamfutar, ta mutu. Gidan ma bai zaunuwa. Inna ta daina cin abincin kirki. 'Ya'yanta uku suka tashi tsaye.

Tasi'u, babbansu, gyaran rediyo yake yi. Ya kwance kwamfutar, ya ciro ma'ajiyar bayananta, ya kwana uku yana busarwa yana goge tsatsa da tsinke, har ta motsa. Muryar tana ciki, amma a kulle, ba za ta buɗu ba sai a kan manhajar Malam mai lasisi.

Lambobin lasisin kuwa suna kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin kwamfutar, ruwa ya cinye rabinsu. Nan Marka, ta tsakiya, ta rufe ido. Tun tana yarinya ita ke karanto wa mahaifinsu lambobin yana bugawa duk lokacin da ya sabunta manhajar, har ta mayar da su waƙar tsalle. Shekara ashirin ke nan, amma ta rero su ɗaya bayan ɗaya, ashirin da biyar cif, tana hawaye.

Saura tabbaci. Kafin lasisi ya koma wata kwamfutar, sai an tura saƙo zuwa tsohon layin wayar Malam, layin kuma an daɗe da bai wa wani. Nafi'u, autansu, ya kira layin. Mai layin yanzu wani mai sayar da kifi ne a Yawuri, ya ɗauka ɗan damfara ne, ya zage shi ya kashe waya. Nafi'u ya hau mota ya je har can, ya yini biyu a rumfar kifi yana taya shi korar ƙuda, ya nuna masa hoton mahaifinsa, sannan mutumin ya yarda ya karanta masa saƙon.

To, kowannensu yana da kwamfuta a gidansa, lasisin kuwa ɗaya kawai yake ɗauka. Tasi'u ya ce ya san yadda za a yi dabara a sa wa duka ukun, kowa ya huta.

Inna ta juyo da fuskarta wajensa. Ba ta kama sunansa ba, don ɗan fari ne.

"Kai Babba, muryar Malam za ka ɗora a kan kayan sata? Ɗaya ya saya, ɗaya za a sa. Ku zaɓi gida. Inda muryarsa ta sauka, can zan kai tabarmata, can kuma zan ƙare kwanana."

Kowa a cikinsu ya riga ya share mata ɗaki a gidansa, kowa yana son uwarsa kusa da shi. Ita kuma ta ƙi zaɓa, don duk ita ta haife su.

To, jama'a, wanda ya ceto muryar, da wadda ta riƙe lambobin a ka, da wanda ya je Yawuri, wane ne a cikinsu ya fi cancanta a sa lasisin a gidansa, Inna ta bi shi?