Tsohon da Ya Ƙi Barin Fitila Ta Mutu

Akwai wani tsoho a wani gari na bakin teku, aikinsa kula da hasumiyar fitila. Doguwar hasumiya ce ta dutse, wadda aka gina tun zamanin kakansa domin haskenta ya nuna wa jiragen ruwa hanya, kada su bugi duwatsu. Kakansa ya kunna ta, mahaifinsa ya kunna ta, har aikin ya zo hannunsa.

Da zamani ya sake, manyan jirage suka sami na'urorin nuna hanya, suka daina bukatarta. Gishirin teku ya ci ƙarfen matakala, bango ya tsage. Dattawan gari suka ce bayan damina za a rushe ta. Duk da haka, kowace yamma tsohon yakan hau a hankali, yana hutawa a hanya, ya goge gilashi da tsohuwar rigarsa, ya zuba mai, ya kunna.

Matarsa takan ce, "Maigida, wai wa kake kunna wa?" Sai ya yi murmushi kawai, gama shi ma bai sani ba.

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana biyu ba a kunna fitilar ba. A rana ta uku sai ga masunta sun cika ƙofar gidansa. Babbansu ya shiga, ya durƙusa ya ce, "Baba, jiya saura kaɗan kwalekwalenmu ya fashe a kan dutse. Shekara da shekaru da fitilarka muke komowa gida, ba mu taɓa faɗa maka ba."

Tsohon ya rufe fuska, ya yi kuka. Sa'an nan ya ba su mabuɗin hasumiyar, daga kan tabarmarsa ya koya musu gyaran lagwani. Suka raba kwanakin hawa a tsakaninsu, suka liƙe bangon, suka je suka roƙi dattawa. Hasumiyar kuwa ba a rushe ta ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Fitilar ita ce bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana. Tsohon shi ne uwar da ke addu'a da 'ya'yanta kullum, shi ne malamin da ke zuwa koyarwa ko da yara uku ne a aji. In kai ne, kada ka gaji. Akwai masu komowa wurin Ubangiji ta haskenka, ba ka san su ba. Mu kuma masunta, kada mu jira sai ciwo ya kwantar da shi. Yau bayan sujada, kowa ya nemi tsohonsa, ya gode masa, ya ce, "Baba, koya mini."