Mahfuzu da Allon 4K

A unguwar Yelwa ta birnin Garwa akwai wani saurayi mai suna Mahfuzu, ɗan gidan masu sayar da shadda waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano. Ba mugu ba ne, hannunsa ma a sake yake. Matsalarsa ita ce ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya jin magana har ƙarshenta, kuma duk abin da zai riƙe sai ya zama wanda za a gani a yaba. A shagon babansa ya koyi cewa shadda mai siririn zare da sheƙi ita ce ta manya. Da wannan ido yake auna komai, har abin da ba a kai wa tela.

Shi da abokinsa Dawuda sun shekara biyu suna wasan tseren mota a kwamfuta. Dawuda direban tifa ne a wajen fasa dutse a Figil, duk Asabar yake shiga mota ya zo Garwa su yi atisaye. Ana nan sai aka sanar da gasar 'yan bibbiyu, waɗanda suka ci su za su wakilci arewa a Yawunde, babban birnin ƙasar. Dawuda bai taɓa zuwa Yawunde ba, tun daga ranar ba shi da zance sai wannan. Sharaɗin gasar shi ne kowa ya zo da kwamfutarsa, ga ta Mahfuzu ta tsufa.

Ya hau babur sai babbar kasuwa, shagon Maxime, wanda ya daɗe yana sayar da kwamfuta da gyaranta. Maxime ya ajiye masa guda biyu.

"Zauna tukuna, mon frère, ɗan'uwana," in ji Maxime. Mahfuzu bai zauna ba. "Wannan allonta 1080 ne. Ɗigogin hotonta ba su da yawa, amma katin da ke zana hoton yana da ƙarfi, ba ta tsayawa. Wannan kuma 4K ce, ɗigoginta ninki huɗu, amma katinta ƙarami ne. Injin babur ne a jikin tifa. Ga zafin garin nan, in ta ɗau zafi..."

"Ninki huɗu ka ce?"

"Na ce, amma bari in ƙarasa."

Ina! Mahfuzu ya riga ya kai hancinsa jikin allon yana duba saƙar hoton. Ko ɗigo ɗaya bai iya rarrabewa ba, zuciyarsa ta yi fari. Ya ce a naɗe masa ita. Maxime ya ɗaga kafaɗa ya ce, "In ta fara sarƙewa, ka mai da ita 1080. Dannawa biyu ce kawai."

Kafin sati ya zagayo babu majalisar da ba ta ga allon Mahfuzu ba. Har suna aka sa masa, Patron 4K, wato Oga 4K, shi kuwa sai ƙara buɗa kafaɗa yake. Ranar Asabar Dawuda ya lura motar abokinsa tana ɗan tsalle a kwana.

"Malam, rage abin nan mana. Na ga tana tuntuɓe."

"Hannuna ne bai saba ba," in ji Mahfuzu. Ya canza tebur, ya canza waya, ya canza kujera. Abu guda da aka ce ya canza, shi ne bai taɓa ba.

Ranar gasa ta faɗo a watan Afrilu, a wani zaure mai rufin kwano. Da azahar fankokin sama iska mai zafi kawai suke juyawa. Mutane suka taru a bayan Mahfuzu suna kallon yadda ake ganin har tsakuwar titi a allonsa. Tseren farko ya wuce lafiya. A na biyu kwamfutar ta fara huci, hoton yana tsayawa yana tafiya, da ƙyar suka samu shiga tseren ƙarshe. Mahfuzu ya tashi, ya zauna, ya goge gumi, ya sake tashi. Tsoro ya kama shi sosai.

Maxime, wanda shi aka ɗauka ya haɗa wayoyin zauren, ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Ta ɗau zafi. Mai da ita 1080 yanzu, kafin a fara."

Dawuda ya ce, "Don Allah, Mahfuzu. In na zo na ɗaya, kai ko na huɗu ka zo mun wuce."

Mahfuzu ya buɗe wajen sauyawar, yatsansa yana kai. Sai wani daga baya ya yi dariya ya ce, "A'a, Patron zai sauko ne?" Kunya ta rufe shi. Ya rufe wajen bai canza komai ba.

Aka fara. Dawuda ya yi gaba, ba wanda ya kamo shi har ya tsallake layi. Mahfuzu yana na uku, saura kwana ɗaya. Yana shiga kwanar hoton ya tsaya cak. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Da ya dawo, motarsa tana jikin katanga, sauran suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha ɗaya ya zo.

'Yan kallo suka koma wajen waɗanda suka ci. Dawuda yana naɗe wayoyinsa. Mahfuzu ya rasa inda zai sa kansa. Da ya ga ba mai kallonsa, sai ya danna sau biyu, ya mai da allon 1080, ya sake shiga kwanar nan shi kaɗai. Motar ta wuce sumul.

Dawuda yana tsaye a bayansa da jaka a kafaɗa, ya ga komai.

"Yanzu?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ya fita neman motar Figil. Asabar ta gaba Mahfuzu ya jira shi har la'asar, bai zo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin ka zaɓi kayan aiki ka tambayi kanka aikin da zai yi maka, kada babbar lamba ko yabon 'yan kallo su ruɗe ka. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka saurari masani har ya kai aya, in kuma ka gane ka yi kuskure, ka gyara tun gyaran yana da amfani, ko da a gaban mutane ne. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi kaɗai yake jawo wa asara ba, har da wanda ya dogara da shi.